Sanduna Uku a Ƙofar Kangon Jimrau

Litinin, 21 ga Oktoba, bayan la'asar

Yau na shiga darasin Rumawa da ƴan siziyam, ajin farko na sakandare. Kalas cike har bakin taga, kuma babu wanda ya tambayi ko ina Rum ɗin take sai yaro guda, shi ma so yake ya ji ko ana noman hatsi a can. Na ce alkama suke nomawa, da yaƙi. Ya rubuta alkama ya rufe kaye, littafin rubutunsa. Ya fi ni hankali.

Na gaji da Rumawa. Tun da aka turo ni Dakoro nake jan su daga kalas zuwa kalas kamar mai tallar tsumma. Ɓarayi ne masu tsari: su ƙwace maka ƙasa, su shimfiɗa hanya a kanta, su ce ka gode. Amma in za a faɗi gaskiya, sun san abin da suke yi. Ba kowane mai son a kira shi sarki zan yi wa wannan shaida ba.

Alhaji Jimrau nake nufi, mai gidan da nake haya. Kullum da yamma sai ya sa a shimfiɗa tabarma ƙofar shagonsa, a ɗora shayi, ya ce a ba su na Rumawa. Tun ranar da na ba da labarin Kaisar, babban Rumawa, ƴan wannan fadar shayi suka liƙa masa sunan, yana cewa su bari, yana gyara zaman hula. Maraya ɗan kabu-kabu kuwa shi ne janar. Rundunarsa babur ɗaya ne marar burki.

Jiya na ba su na kwari. Wasu mutanen tsaunuka, Samnitawa, suka rutsa da sojojin Rum kaf cikin wani kwari, suka toshe gaba suka toshe baya. Shugabansu Pontiyus ya rasa yadda zai yi da irin wannan kamu, ya aika wurin tsohon ubansa. Tsoho ya ce a sake su duka cikin mutunci. Ɗan bai so ba, ya sake aikawa. Tsoho ya ce to a kashe su duka. Aka ce tsufa ya ruɗa shi. Ya ce a'a: na farko zai ba ka aboki, na biyu zai raba ka da maƙiyi, na tsakani kuwa ba ya ba ka ko ɗaya. Ɗan ya zaɓi na tsakani. Ya kafa mashi biyu a ƙasa, ya gitta na uku a sama, ya sa Rumawa suka tuɓe suka bi ta ƙarƙashi a duƙe, manyansu a gaba, ana yi musu dariya.

Jimrau bai tambayi abin da ya biyo baya ba. Tambayarsa ɗaya ce: mashin na sama iya ina yake? Na ce iya ƙugu, don ban sani ba, kuma shayina yana hucewa.

Matata Kadija ta kira daga gida, Dutsi. Ta ce ƴarmu Munira ta fara kiran ƙanena baba. Ta tambayi zancen sauyin wurin aiki. Na ce bana, in Allah ya so. Bara ma haka na ce.

Talata, 22 ga Oktoba, azahar

Alli ya ƙare. Da baki na tsallakar da Hanibal, maƙiyin Rumawa, tsaunuka, shi da giwayensa.

Laraba, 23 ga Oktoba, hantsi

Aisata ba ta kawo nono ba. Tun da na zo garin nan ba ta taɓa fashi ba, ko ranar da ta haihu ta aiko.

Mijinta Yazidu shi kaɗai ne mutumin da nake zama da shi ba don dole ba. Rugarsu tana kan hanyar Ɗan Gulbi. Shi Bafillace, ni Ba'are, saboda haka tun kakanni akwai wasa tsakaninmu: ko a tsakiyar kasuwa ya hango ni sai ya ɗaga sanda ya ce ga bawansa nan ya ƙoshi, ni kuma in ce ga bawan kakana nan wanda aka saya da ƙwarya fasassa. A garin da kowa ke ce mini Mushe, wato malamin makaranta, yana duƙawa, zagin Yazidu ne kaɗai ke tuna mini da gida.

Na sha fura da ruwa. Abin ƙyama.

Alhamis, 24 ga Oktoba, bayan magariba

To, ga abin da ake ciki. Shanun Yazidu sun shiga gonar waken Jimrau shekaranjiya, tun ba a yi shelar sakin gonaki ba. Maraya da samarin unguwa suka kora su har cikin gari, suka zuba su a kangon Jimrau da ke bayan gidanmu, suka sa kwaɗo. Suka karɓe sandar Yazidu da ta ƙannensa biyu. Maruƙa suna can ruga, iyaye suna nan. Ina jin kukansu ta katanga yanzu haka.

Zan rubuta gaskiya ko da babu mai karantawa. Shanun sun ci waken, na ga gonar, sun yi mata aski. Shi kuma Jimrau shekara da shekaru yana cin burtali da garma, bana kunya ɗaya, baɗi kunya biyu, har hanyar da garke ke bi ta koma ta akuya. Duk mai gona a gefen nan ya sani. Babu wanda zai faɗa, don a shagonsa suke shan shayi.

Yau a fada Maraya yana ba da labarin kamun kamar shi ya ci birnin Kartaj da yaƙi. Ya ce sun toshe gaba sun toshe baya. Da ya faɗi haka sai ya dube ni yana murmushi.

Ni dai labari na ba da.

Asabar, 26 ga Oktoba, la'asar

Mai unguwa ya tara dattawa, aka je aka duba ɓarna aka yanke abin da ya kamata. Yazidu ya ce ya ɗauka, bai yi jayayya ko da ƙwayar wake ba. Ya ƙara da cewa in an saki gonaki zai kwantar da garkensa a gonar Alhaji har sanyi ya wuce, ya bar masa taki. Duk manomin kirki da ya ji wannan tayi sai ya yanka zakara.

Jimrau ya ce shi ba wake yake so ba, ba kuma taki ba. Ya ce ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci za a kafa sanda biyu a ƙofar kango, a gitta ta uku, da sandunan su Yazidu za a yi. Yazidu ya cire malafa ya bi ta ƙarƙashi a gaban jama'a, ya kwashe shanunsa. Mai unguwa ya ce bai taɓa jin irin wannan hukunci ba. Jimrau ya ce na Rumawa ne, a tambayi Mushe.

An ce Yazidu ya miƙe, ya kai hannu inda ya saba jingine sanda, bai same ta ba, ya tafi haka nan hannu na lilo.

Lahadi, 27 ga Oktoba, da safe

Ban je fada ba jiya. Ba wanda ya aiko.

Lahadi, bayan la'asar

Na taka har ruga. Maruƙan sun daina kuka, abin da ya fi kukan muni ke nan. Aisata tana tsoma yatsu cikin ruwan dusa tana sa musu a baki ɗaya bayan ɗaya. Ɗaya ya riga ya kwanta, idonsa ya faɗa. Ba ta dube ni ba, ni ma ban nemi ta dube ni ba.

Yazidu ya shimfiɗa mini buzu. Na ce mu je wurin jandarma. Ya ce shanunsa ne suka fara shiga, kuma in hukuma ta sa hannu sai shanun su koma wani kangon da ya fi wannan nisa, kafin a gama zama maruƙa sun ƙare. Na ce to me zai yi? Ya yi ta tonon ƙasa da tsinke. Can ya ce, "Bawana, ka zo wurin ubangidanka ko goro babu. Arawa dai ba a koya muku komai ba."

Bai ambaci labarin ba, ko da yake duk garin ya san daga bakin wa ya fito. Da ya zage ni a kansa da na samu barci.

Wanda bai zauna da su ba ba zai gane ba. Bafillacen da ko abinci ba ya ci a gaban surukinsa, a ce ya duƙa ƙarƙashin sandarsa ta kiwo, ƴaƴansa na kallo. Shanun zai samu, amma ba zai ƙara ɗaga ido a rijiya ba.

Litinin, 28 ga Oktoba, azahar

Daraktan makaranta ya kira ni biro, ofishinsa. Ya ce ya ji sunana cikin wata magana, kuma ma'aikaci baƙo ne a ko'ina, baƙo kuwa raɓa ne. Na ce na gode. Mutum ne da in gobara ta tashi a kalas zai tambaya ko an rubuto masa.

Na koyar da Kaligula, sarkin da aka ce ya so naɗa dokinsa babban muƙami. Yara suka yi ta dariya. Ni ban ga abin dariya ba. Doki aƙalla ba ya kiran mutum biro.

Talata, 29 ga Oktoba, bayan magariba

Jimrau yana ba shanun ruwa da harawa, wannan zan rubuta masa. Amma ba don Allah ba ne. So yake gidansa ya sha madara, sai dai bai san saniyar Fulani ba ta sakin nono in ba ta ga ɗanta ba. Hantsarsu ta kumbura kamar tulu, ko ɗigo babu. Janar Maraya ya shiga da ƙwarya yau da safe, wata ja mai dogon ƙaho ta yi masa sallama da ƙafar baya. Yana tafe yana ɗingishi yana cewa faɗuwa ya yi da babur.

Na je na samu Jimrau shi kaɗai a shago. Na ce labarin da na ba su bai ƙare ba. Na gaya masa yadda Rumawan nan suka koma gida babu mai magana da wani, yadda wani dattijo da ya ga shirunsu ya ce wannan shiru zai haifi kuka a gidajen Samnitawa, da yadda bayan shekaru aka ja Pontiyus ɗin da sarƙa cikin titunan Rum aka sare masa kai. Na ce tsohon nan ya fi ɗansa gaskiya: ko ka karɓi abin da dattawa suka yanke ka sake shi da mutuncinsa, ko ka kai shi hukuma. Na tsakanin nan ba naka ba ne.

Yana auna sukari yana saurare. Da na gama ya ce, "Mushe, waɗancan Rumawa ne. Wanga Bafillace ne." Sannan ya ce ai ni na ce iya ƙugu, ko in yana so a ɗaga ta kaɗan don abokina ne, in faɗa.

Na taɓa gaya musu cewa in janar ɗin Rum ya ci yaƙi ana zagaya gari da shi, akan tsayar da bawa a bayansa yana raɗa masa cewa ka tuna kai mutum ne. Duk ayyukan Rum wannan kaɗai na taɓa sha'awa. Yau na gwada shi. Ashe shi ma aikin banza ne.

Laraba, 30 ga Oktoba, hantsi

Maraƙin nan ya mutu. Ƙanen Yazidu ya faɗa mini a bakin lakwal, makarantarmu.

Ni dai labari na ba da.

Alhamis, 31 ga Oktoba, la'asar

Yazidu ya aiko wa mai unguwa cewa zai zo gobe. Ƙannensa sun ce gara su fasa kangon, ya ce duk wanda ya taɓa kwaɗon ba shi ba shi. Na fi tsoron ƙannen da Jimrau, sun yi shiru irin wanda na sani a cikin darasi.

Maraya yana haƙa ramuka biyu a ƙofar kango, yana gwada tsawo da ƙugunsa. Gajere ne.

Kadija ta kira. Ta ce muryata ta sauya. Na ce mura ce. Ta ce, "Baban Munira, kada ka shiga abin da ba naka ba, kai da muke jira." Ban san wa ya gaya mata ba. Na ce ta yi mini addu'a kawai. Na fito da babbar rigata ta salla, wadda ta ɗinka mini, na rataye.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, bayan magariba

An yi.

Asabar, 2 ga Nuwamba, da safe

Bayana yana ciwo. Rigar ta yage daga kafaɗa, dattin gwiwoyin wandon kuma ba zai fita ba. Kangon shiru. Ban fita ko sayen burodi ba.

Lahadi, 3 ga Nuwamba, hantsi

Gara in rubuta da kaina, tunda a gari an riga an ƙara masa gishiri.

Jama'a ta taru har kan katanga. Jimrau a kujera, an riƙe masa lema, wallahi lema. Sanduna uku a ƙofar kango, ta Yazidu ce a gicce, na gane ta da zoben fata. Yazidu ya zo cikin baƙar riga, ƙannensa a baya, ƴaƴansa maza a bayansu. Ya tsaya. Ya ɗaga hannu ya kama igiyar malafa.

Ban shirya jawabi ba, duk wanda ya ce na shirya ƙarya yake. Na dai ji kaina ina cewa da ƙarfi, wannan Bafillace bawan kakana ne, kuma tun da aka halicci Ba'are ba a taɓa ganin bawa ya riga ubangidansa shiga ƙofa ba. Na ce in hukuncin Rumawa ake yi a yi shi daidai, manya ke fara wucewa, ni na koyar da shi. Kafin Jimrau ya buɗe baki na tattare riga na durƙusa.

Ni ba ƙaramin mutum ba ne, furar Aisata ta yi aikinta. Kai ya wuce, kafaɗa ta wuce da ƙyar, sauran kuwa ya ƙi. Na ji sanda ta hau bayana, na ji na gefe sun tuge, na ji rigar Kadija ta tafi. Na kwanta rub da ciki, sanduna uku a kaina kamar itacen girki.

Sai na ji muryar Yazidu a samana: "Ku dubi Ba'are, ko rarrafe bai iya ba. Wanga aka ba ƴaƴanku ya koya musu?"

Wata tsohuwa ta fara dariya, sai wurin ya ɗauka. Dattawa suna dariya har suna share hawaye, ɗalibaina kuwa kada a tambaya. Yazidu ya sunkuya, wannan ne kaɗai sunkuyon da ya yi ranar, ya ɗauki sandarsa ya ce bari ya hore bawansa. Ya ɗan taɓa ni da ita sau biyu. Na biyun ya fi ƙarfin wasa, kuma na san na mene ne. Ya miƙa wa ƙannensa nasu. Sannan ya tsallake ni, malafa a kai, ya tsaya a ƙofar da Maraya ya riga ya buɗe, ya yi kira irin nasu. Jar nan ta fara fitowa, sauran suka biyo ta da gudu. Na mirgina gefe a kan lokaci.

Jimrau ya miƙe yana cewa a mai da sandunan, ba a yi ba tukuna. Mai unguwa ya ce masa, Alhaji, wasan taubasai ne ya shiga, wa zai raba? Wanda duk ya yi fushi a kan wasan Ba'are da Bafillace shi ya zama abin dariya, kuma Jimrau ya san haka. Ya zauna. Lemar ma an naɗe ta.

Ko da gangan na tuge sandunan? Mutane uku sun tambaye ni. Na ce su tambayi ƙuguna.

Litinin, 4 ga Nuwamba, azahar

Na shiga kalas na tarar an kafa regil uku, katakon jan layi, a kan teburina, biyu a tsaye ɗaya a gicce. Babu wanda ya yi motsi. Shekaruna a garin nan ba ni da gida, ba ni da gona, ba ni da dangi, abin da nake da shi kawai shi ne in na shigo a yi shiru don kwarjini. Yau shirun na riƙe dariya ne.

Na kwashe su na ci gaba da Ogustus, wanda aka hallaka masa runduna uku a daji ya riƙa buga kai da ƙofa yana cewa a mayar masa da sojojinsa. Sarkin duniya ke nan. Sun rubuta.

Laraba, 6 ga Nuwamba, la'asar

Jimrau ya aiko Maraya cewa yana bukatar ɗakinsa, zai zuba harawa. Ban ga laifinsa ba sosai, na ɓata masa biki. Ya karɓi abin da dattawa suka yanke kuwa, Yazidu ya aika masa har gida. Takin dai ya wuce shi. An ce bana babu garken da zai kwana a gonarsa, ba wanda ya yi shela, haka kawai kowa ya san inda ba zai sauka ba. Ya ci yaƙi, baɗi sai ya shuka nasara.

Mai gadin lakwal ya ce in zauna a ɗakin ajiyar tebura kafin in samu wuri.

Asabar, 9 ga Nuwamba, hantsi

Su Yazidu sun tashi, za su yi wajen Azagor. Sun biyo ta bayan lakwal da jakuna da ƙore, maruƙa suna tsalle a gefen iyaye. Aisata ta ajiye mini ƙwaryar nono a bakin ƙofa, yau ta dube ni.

Yazidu ya zo janye da karsana, ƴar jar nan mai harbi. Ya ɗaure ta a jikin itacen bedin da ke gaban ɗakin tebura. Na ce mene ne haka? Ya ce habbanaye: aro ne irin nasu, in riƙe ta har ta haihu, ƴaƴan nawa, in an yaye su uwar ta koma garke. Ya ce ba a ba wa bare, amma bawa ba bare ba ne.

Na ce Bafillace, ka san shekara nawa wannan zai ɗauka? Ni da nake neman a mai da ni Dutsi bana? Ya ce ya sani. Ya ce kowace kaka in sun gangaro zai biyo ya duba ta a nan, gindin wannan bedi, kuma in ya tarar ta rame sai ya sayar da ni ya saya mata dusa. Ba a ƙin habbanaye, ya san na sani. Ya saɓa sanda a kafaɗa ya bi garkensa, bai waiwayo ba.

Rumawa kan ɗora wa wanda ya ceci ɗan'uwansa a fagen fama hular ganye. Ganye ne, ya bushe ka yar, ka koma gida. Ni an ba ni abin da ke cin ganye.

Asabar, bayan la'asar

Kadija ta kira. Ta tambayi zancen sauyin wuri. Na buɗe baki zan ce bana, sai karsanar ta yi kuka a kunnen salula. Ta ce wannan fa? Na ce ta fara tambayar kuɗin mota daga Dutsi zuwa Dakoro, ita da Munira, sauran bayani in sun iso.

Sannan ta tambaya ko rigar tana nan lafiya.

Zan je neman harawa. Duk garin nan Jimrau ne ke da mai kyau.